Makarantar Ɓata Icce

Akwai wata ƙara da duk wanda ya tashi a Yasore, ko a ƙauyukan da ke tsakanin Batsari da Safana, zai gane ta ko cikin barci. Takan fara ne bayan kaka, idan an ɗaure gero da dawa an zuba a rumbu, hunturu ya soma fasa leɓe da diddige. Tun da hantsi sai a jiyo ta daga bayan wani zaure: ƙwas, ƙwas, ƙwas, a ɗan tsaya, a sake. Gizago ne ke cin icce. Daga jin saran ma akan san mai yin sa. Na dattijo a natse yake, kamar mai jan casbi. Na yaro kuwa da garaje, sara uku masu ƙarfi sai shiru, irin shirun da ke nuna an yi ɓarna.

Yanzu mutum zai iya wuni a ƙofar gida bai ji ta ba. Abin da kunne ke sha shi ne kukan injin niƙa da na babur, da waƙar da ke fita daga aljihun wani saurayi. A bayan zaure, inda a da ake tara sassaƙe da tsagaggun ƙotoci da kujerar da ta fito da gajeriyar ƙafa, sai dai a tarar da kujerar roba da ta karye aka ɗinke ta da wayar ƙarfe. Tarin tarkacen iccen nan, wanda ba a taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba, shi ne ya ɓace. Da shi kuma wata makaranta ta tafi, wadda ba ta da allo, ba ta da malamin albashi.

Sassaƙa sana'a ce ta gado, tana da gidajenta. Turmi da taɓarya, akushi, allo, icen ganga, sirdin doki, duk aikin masassaƙi ne, manomi mai hankali ba ya kai musu hannu. Amma a ƙarƙashin wannan akwai wata sassaƙar ta cikin gida, wadda kusan kowane magidanci ke yi ba don kuɗi ba: ƙotar fartanya da ta gatari da ta sungumi, muciyar da uwargida ta daɗe tana mitar ta cinye, turken akuya, gwafar rumfa, tsanin hawa soro. Wani iyakarsa ke nan, biyan buƙata. Wani kuma abin ya shiga ransa, sai a gan shi da rani yana kashe kwana uku a kan 'yar kujerar tsugunno da zai iya saye a kasuwa da kuɗi kaɗan, yana yi mata zane da jan ƙarfe, don dai baƙo ya tambaya wa ya yi wannan. A Turai ko Amurka irin wannan mutum yakan keɓe ɗaki guda ya cika shi da injuna. A nan ɗakinsa inuwar ƙofar gida ce, kayan aikinsa gatari da gizago da wuƙa, sai fasasshiyar kwalba ta kankare kaushi.

Yaro ba da icce yake farawa ba, da kara yake farawa. Ya ɓare bayan, ya sossoka a totuwa, ya fitar da mota ko tabarau ko jirgin sama. A nan yake fara yanke yatsa, don ɓawon kara kaifin reza gare shi. Daga nan sai gwafar danƙo ta harbin tsuntsu. Ranar da uba ya miƙa masa ɗan ƙarfen fartanya daga maƙera ya ce je ka nemo mata ƙota, ranar ya shiga aji na gaske.

Ido yana raina ƙota. Sanda ce kawai mai ƙululu a ka. Amma kusan duk sanin icce yana cikinta, kuma kusan kowane yaro da kuskure iri ɗaya yake buɗe karatun. Zai hango miƙaƙƙen reshe santalele, ya saro, ya fere shi tas har yana sheƙi. Ranar da aka kafa ƙarfe aka kai sara biyu a busasshiyar ƙasa, sai kan ya dare biyu kamar an tsaga rake. Dalili kuwa shi ne jijiyoyin miƙaƙƙen reshe a jere suke kamar tsinken tsintsiya, tsinin ƙarfe na shiga tsakaninsu sai ya buɗa su. Inda reshe ya fito daga jikin uwarsa kuwa, jijiyoyin sun murɗe sun sarƙe juna. Shi ya sa manya ke saro reshe haɗe da ɗan guntun jikin uwar, wurin ne zai zama kan ƙota. Da wuya a zaunar da yaro a yi masa wannan bayani. Tsagaggiyar ƙotar ce ke yi masa.

Sai kuma huda. Akan gasa tsinin ƙarfe ya yi jawur, a danna shi a kan ƙota, farin hayaƙi mai yaji ya tashi ya cika ido da hawaye, ƙaurin ƙonannen marke ya riƙe riga har kwana biyu. Mai gaggawa yakan bar wutar ta ci fiye da ƙima, ramin ya yi faɗi, ƙarfe ya riƙa girgiɗi kamar haƙorin tsoho, sai a koma cusa tsumma da guntuwar fata. Wanda ya karkata hudar kuma ba zai ga laifinsa a ranar ba. Sai damina ta sauka an shiga noman farko, fartanya ko dai ta riƙa nutsewa tana kafewa, ko ta riƙa zamewa a bisa ciyawa, kafin azahar ƙugu ya riƙe. Idan gatari ne abin ya wuce ciwon baya, domin ruwan gatarin da ya kwance daga ƙota ba ya zaɓen inda zai sauka.

Duk wannan dattijo na zaune yana kallo, yana tufkar igiya ko gyaran asabari, ya ga ɓarnar tun kafin a yi ta, ya yi gum. Hirar da ke biyo baya ba ta da tsawo, kuma kusan iri ɗaya ce a kowane gida.

"Baba, ƙotata ta tsage, ko noma ban yi da ita ba."

"Yaushe ka saro iccen?"

"Ran Juma'a."

"Ina ka aje ta?"

"Bisa rumfa, cikin rana, don ta yi saurin bushewa."

"To, ai ga ta nan ta bushe."

Abin da dattijon ya dunƙule a kalma bakwai, masana katako sun auna shi da ma'auni. Ɗanyen icce cike yake da ruwa, kuma ba ya fara tsukewa sai ruwan da ya rage a jikinsa ya sauko ƙasa da kimanin kashi 30 cikin 100 na nauyin busasshensa. Daga nan sai ya soma janyewa, amma ba daidai da daidai ba. Tsukewarsa ta kewaye ta kusan ninka wadda yake yi daga ɓawo zuwa tsakiya, a tsawo kuwa kusan ba ya motsi. Saboda haka gungumen da aka bari da zuciyarsa dole ya tsage daga tsakiya zuwa waje, kamar sawun kaza a yashi. Bakin da aka sara kuma ya fi sauran jiki saurin zubar da ruwa, shi ya sa tsaga ke farawa daga nan. A ƙara da iskar hunturun ƙasar Katsina, wadda ke busar da wanki kafin a gama shanya na gaba: bushewar da ya kamata ta ɗauki watanni sai ta auku cikin kwanaki.

Mutanen da ba su san kashi 30 ba, amma sun san maganin. Akan rage icce tun yana ɗanye, lokacin da gizago ke shigarsa kamar rogo, sannan a bar ƙarasawa sai ya bushe. Karin maganar nan ta icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kafin a ɗora ta a kan tarbiyyar yara, umarnin aiki ce. Akan jingine reshe a inuwa da ɓawonsa, ko a tura shi ƙarƙashin rumbu, ko a soke shi a rufin madafa inda hayaƙi zai busar da shi a hankali ya kuma kore ƙwari. Magidanci mai tsari ƙotar baɗi yake sarowa bana, don ba a fafe gora ranar tafiya. Akushi kuwa man shanu ko man kaɗe ake shafe shi da shi har ya yi baƙi ƙirin, ya daina shan miya.

Sanin itatuwa ma ta hanyar asara yake shiga. Wanda ya kai ɗan gizagonsa jikin busasshiyar ƙirya zai koma maƙera da baki a karye, daga ranar ya san dalilin da ya sa ake yin turmi da taɓarya da turke da ita, gara ta gan ta ta kauce, maƙera kuma ke neman gawayinta. Marke na ƙota ne da gwafa. Aduwa mai santsin jiki ita ce ta allo. Danya tana da taushin sassaƙa, ta dace da akushi, sai dai ƙwari na son ta. Giginya ta azara ce. Kuka kuwa, duk girman nan nata, cikinta kamar soso yake, kuma a kowane ƙauye akwai labarin yaron da ya taɓa gwada ta aka yi shekara ana yi masa dariya. Akwai kuma darasin farin baya da jan ciki. Farin da ke bin ɓawo shi ne abincin gunda, don haka wanda ya bar shi a jikin kujera, wata rana zai ɗaga ta ya ga gari lis a ƙasa kamar an yi tankaɗe.

Abin da ya riƙe wannan makaranta abu ɗaya ne: ɓarna ba ta da tsada. Dajin Rugu, wanda ya bi iyakar Katsina da Zamfara daga wajen Jibiya ya ratso Batsari da Safana har Ɗanmusa, yana nan a bayan gari, kuma tun kafin a kai gare shi akwai saura da bakin rafi da gonaki masu itatuwa. Yaro ya ɓata reshe, abin da ya yi asara tafiyar hantsi ce. Ƙotar da ta tsage ma ba ta faɗi ƙasa banza ba, murhu za ta, uwa ta samu na tuƙa tuwon dare. Wanda ya lalata goma ya gyara ta sha ɗaya, ba wanda ya bi shi bashin goman. A irin wannan yalwa ne uba ke iya kame bakinsa ya bar ɗa ya yi kuskure.

Kada dai a shafa wa zamanin zuma fiye da yadda yake. Gizago ƙafa yake fuskanta, domin da ƙafa ake danne icce, kuma tsofaffi da yawa suna ɗauke da shaidar haka a ƙauri ko a babban yatsa. Maganin sara a lokacin toka ce ko ƙasa ko tsumman da aka samu, asibiti kuwa nesa. Shirun dattijo ma ba kullum hikima ba ce. Wani rowar sani ce, wani kuma bai san dalilin ba shi kansa, haka ya tarar ana yi. Ba kowane uba ke tsayawa a baƙar magana ba, akwai mai haɗawa da ranƙwashi, kuma yara da yawa sun tsani gizago har abada saboda haka. Masu gadon sana'ar sukan lulluɓe ta da surkulle don kada bare ya leƙa. 'Ya mace ba a ma kawo ta a lissafi, alhali ita ce za ta ƙare rayuwarta da muciya da taɓarya a hannu. Duk mai kewar amon lugude da asuba, ya tambayi matar da ta yi shekara talatin tana surfe da daka kafin rana ta fito, ya ji ko tana son a ɗauke injin niƙa daga unguwa. Kwanon silba da bokitin roba sun ci kasuwar akushi ne don sun fi shi sauƙin ɗauka da wanki da kuɗi, ba wanda ya yi wa mata dole.

Roba da inji sun rage buƙatar sassaƙa, amma ba su ne suka rufe hanyar daji ba. Abin da ya rufe ta kowa a yankin ya san shi. Satar shanu ta rikiɗe ta zama garkuwa da mutane da ƙone garuruwa. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, cikin ƙaramar hukumar Batsari. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta hana manyan motoci ɗauko icce daga daji, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Batsari da Safana, sannan a Satumba aka katse layukan waya. A Oktoban shekarar aka afka wa Yasore kanta, aka kashe mutane, aka cinna wa gidaje wuta. Rayukan da aka rasa su ne babbar asara, ba a haɗa su da komai. Amma a cikin tokar akwai azara da ƙyaure da turmin da kaka ta bar wa jika, kayan da aka sassaƙa daga itatuwan da yanzu babu irinsu kusa. Ba uban da zai ce wa ɗansa ɗauki gatari ka shiga Rugu ka nemo marke. Iyalai da yawa ma sun koma Batsari ko Katsina, inda reshe ɗaya sai an sa kuɗi.

Sha'awar ba ta mutu ba, kaya ta sauya. Saurayin da a da zai sassaƙa kujera, yau benci yake son haɗawa, ko teburin sayar da kaya, ko kejin tantabaru, ko kantar jera littattafai. Kayan aikinsa zarto da hama da ƙusa da tef. Iccensa katako ne da aka yanko daga dazuzzukan kudu, ya biyo ta kasuwanni irin 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ya iso da sunayensa na tu-bai-tu da tu-bai-fo. Kurakuransa ma sababbi ne. Kakansa da taƙi da kamu yake awo, kuma tunda daga gungume ɗaya yake fitar da kujera, ido ya ishe shi. Mai haɗa guntaye kuwa dole su yi daidai da juna. Sai ya zana ƙafafu huɗu a jere a jikin katako ɗaya ya bi da zarto, ya manta zarto ma yana cin rabonsa a kowane yanka, benci ya fito yana ɗingishi. Ya buga ƙusa dab da baki, falanki ya tsage, bai san da ya dakushe tsinin ƙusar da hama ko ya fara huda wurin da abin bai faru ba. Ya ƙi sa katakon da ke gittawa tsakanin ƙafafu, wata biyu tebur ya fara rawa.

Tsohon abokin gabar kuma yana nan bai gusa ba. Katakon kudu sau da yawa da danshinsa yake isowa. A haɗa ƙofa da shi cikin Oktoba, zuwa Janairu ta banƙare ta buɗe tsakani har ana hango tsakar gida. Falankin nan na garin katako da aka matse da gam, wanda ake yi wa amare kayan ɗaki da shi, nasa ciwon na damina ne: ruwa na taɓa gindinsa sai ya kumbura kamar burodi. Da dattijon mai tufkar igiya zai ga wannan, tambaya biyun nan dai zai yi, yaushe aka saro, ina aka aje.

Bambancin shi ne yanzu kowace ɓarna da farashinta. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin dakon kaya ya hau, katako da ƙusa da gam suka bi shi. Wanda ya yanke falanki ba daidai ba, kuɗin cefane ya yanke. Don haka uba ba ya iya yin shirun da nasa uban ya yi. Yana ganin yaro ya ɗauki zarto zai ce aje, kada ka ɓata mini, a kai wa kafinta. Yaron da aka hana ɓatawa kuwa an hana shi iyawa, sai dai ba wanda zai zargi uban.

Waya ta cike wani gurbi, kuma ba ƙaramin gurbi ba. A YouTube da TikTok ɗan da ba gidan masassaƙa ya fito ba zai ga yadda ake haɗa kusurwa, yadda ake auna tebur daga lungu zuwa lungu a tabbatar bai karkace ba, yadda ake wasa bakin kayan aiki, duk abin da a da sai an yi shekaru ana yi wa maigida bauta kafin ya nuna. Yarinya ma za ta iya kallo, ba mai korar ta. Inda wayar ta gaza shi ne, mai ɗaukar hoton yakan yanke wurin da ya yi kuskure, a ga aiki ya tashi sumul cikin minti uku. Iccen da ke hannunsa an busar da shi a inji, a ƙasar da ba ta san hunturu ba. Ba zai ce komai a kan marke ko aduwa ba, don bai taɓa ganinsu ba. Makarantar boko ta taɓa yunƙurin ɗaukar wannan nauyi: tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya zo da darasin koyon fasaha a ƙaramar sakandare, aka shigo da injunan aikin katako da ƙarfe daga Gabashin Turai, da yawansu suka tsufa a cikin akwatunansu saboda rashin wuta da ɗakin aiki da malami. Ɗalibai suka haddace sunayen kayan aiki a takarda, suka ci jarrabawa, ba su taɓa ɓata ko falanki ɗaya ba.

Akwai kuma kuskuren da tsohuwar makarantar kanta ba ta taɓa koyar da shi ba, kuma a ganin mai wannan rubutu shi ne mafi girma. Ƙota tana tsagewa cikin mako, mai ita ya gani ya gyara. Ƙiryar da aka sare ba a bar wata a madadinta ba kuwa, sai bayan shekaru gommai ake jin rashinta, lokacin da wanda ya sare ta ya tsufa ko ya rasu. Iccen da ke da saurin nuna laifi ya yi wa mutane tarbiyya, dajin da ke da haƙuri aka yi ta ci ba a ji komai ba. Abin da ya ɗan taka burki a da shi ne tsoro: tsoron malamin daji na zamanin En'e da tararsa, da tsoron iskokin da aka ce suna zaune a tsamiya da kuka. Sai kuma gajiyar hannu, don kayar da babbar ƙirya da gatari aikin yini ne. Waɗanda suka ce sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho, gatari suka sani. Ba su ga injin yankan icce ba, wanda ke kwantar da bishiya kafin shayi ya huce, ba su ga buhunan gawayi jere a bakin titi suna jiran motar birni ba, ba su kuma ga abin da ya sami madobiya ba, wadda aka yi ta lodinta daga Najeriya zuwa Sin har sai da yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa wa cinikinta takunkumi daga farkon 2017. Tun kafin bindiga ta rufe Rugu, masassaƙa sun fara nisan tafiya kafin su sami gungumen da ya isa turmi. Ba daidai ba ne a ɗora wa 'yan bindiga laifin da gatarin gida da injin ɗan kasuwa suka fara.

Irin wannan kuskure mai jinkiri ma ana iya gane shi, kuma misalin ba nesa yake ba, tsallaken Jibiya ne. A jihar Maraɗi an yi shekaru ana dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan kurmin da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Maimakon a share su a ƙone, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Bayan farin 1984 dabarar ta bazu daga gona zuwa gona, manoma suka sa mata suna sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan kadada miliyan 5 a kudancin Nijar. Ga mai neman ƙota ma'anar wannan a fili take: reshen da zai koya wa ɗansa aiki da shi yana cikin gonarsa, ba sai ya shiga daji ba.

A cikin gari kuma akwai bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya. Baƙo ne daga Indiya, an fara dasa shi a Borno a 1928, yau kuwa da wuya a sami ƙauye a ƙasar Katsina da ba ya ƙofar gida ko bakin masallaci. Dangin maɗaci ne, ɗacinsa na rage masa farmakin ƙwari, kuma ko an yi masa aski kwal, toho yake yi. Tsofaffi sun raina shi, sun ce ƙotarsa ba ta kai ta marke ƙarko ba. Ko da gaskiyarsu, yaro mai koyo ba ƙarko yake nema ba tukuna, abin ɓatawa yake nema.

Saboda haka, magidantan Yasore da na Ruma da Runka da Wagini, da waɗanda ƙaura ta kai Batsari da Katsina: idan an sassabe bedin ƙofar gida bana, kada a kai duka murhu ko a sayar wa mai icce. A ware rassa biyar ko shida masu ƙululu, a jingine su a inuwa, a miƙa wa yaron gida ko yarinyar da ta nuna sha'awa, a nuna musu inda za su kau da ƙafa, sauran a bar su da shi. Maƙeri har gobe yana ƙera gizago idan an kai masa guntun sifirin mota.